Ziyarar tsofaffin majami'un ƙasar Gozaki

Wanda ya nufi ƙasar Gozaki domin ganin tsofaffin majami'u, kada ya tafi da tunanin zai tarar da manyan gine-ginen dutse irin na Ingila. Majami'un ƙauyukan Kafur da Malumfashi yawanci ƙanana ne, bulo da rufin kwano, wasu ma an rushe na ƙasa an sake su. Tarihinsu a bakin mutane yake, wato Hausawa Kirista, waɗanda akasarinsu jikokin Maguzawa ne da suka karɓi bishara a ƙarnin da ya wuce. Saboda haka ranar Lahadi ya kamata a je, ba ranar da ƙofa ke kulle ba.

Shawarata matafiyi ya fara ta Wusasa, kusa da Zariya, inda mishan ɗin CMS na Likita Mila ya koma a 1929. Majami'ar St. Bartholomew da ke can ginin ƙasa ce, aikin maginan Hausa, da kaurin bango da bakan gizo irin na soron sarauta. Wanda ya tsaya ƙarƙashin wannan rufi zai gane cewa tun farko an so addinin ya zauna cikin kayan gida. Daga nan sai a bi ta Funtuwa zuwa Malumfashi, a gangara Kafur. A nan ECWA, wadda ta fito daga mishan ɗin SIM a 1954, ita da Katolika da Angilikan ke da ikilisiyoyi. Yawanci da Hausa ake yin sujada, domin tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da harshen. In an samu hali a je da kaka, lokacin godiyar amfanin gona, a ga dammunan dawa da buhunan masara jibge gaban bagadi, 'yan zumuntar mata cikin anko suna buga tulu suna waƙa.

Wani zai ce, to me ya rage a gani tunda ginin ba tsoho ba ne? Ai dattijon da zai faɗa maka ƙarƙashin wace bishiya aka fara taruwa, da wanda ya fara koyar da karatu a ƙauyen, ya fi kowane bango daraja, kuma irinsu ƙarewa suke yi. Musulmin da ke jin nauyin shiga, ba dole sai ya zauna sujada ba. Gaisuwa a farfajiya ta wadatar, kuma mutanen nan maƙwabtan juna ne a gona da kasuwa, wasu ma kaka ɗaya suka haɗa.

Maganar tsaro kuwa ba a rufe ta. A watan Mayun 2022 'yan bindiga sun sace limaman Katolika biyu a Gidan Mai Kambu, cikin ƙaramar hukumar Kafur. Don haka a nemi izini tun daga fasto ko limamin Katolika a Malumfashi, a tafi da ɗan gari, a fita da hantsi a dawo kafin la'asar. Da isa, a fara gaida mai unguwa, sannan mai bishara ko katikis. Kada a ɗauki hoto sai an yarda, kada kuma a wallafa sunan ƙauye da lokacin taronsu a Facebook.