Tarbiyyar Harshe: Yadda Yaro Yake Koyon Magana

Ya ku iyaye da dukan masu renon yara, Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Haka harshen yaro yake. Makarantarsa ta fari ita ce bayan mahaifiyarsa da cinyar mahaifinsa, kuma abin da ya samu a shekaru uku na farko shi ne tushen karatunsa da zamansa da mutane.

Bari mu fara da matakan da yawancin yara suke bi. Tun yana ciki jariri yakan ji muryar uwarsa. Wajen wata 6 yakan soma gwaranci, yana cewa "ba-ba" ko "ma-ma". Idan ya kai shekara 1 yakan furta kalma ta fari, a shekara 2 ya haɗa kalmomi biyu, a shekara 3 kuwa ya yi gajerun jimloli. Wani yakan riga wani, amma hanyar ɗaya ce.

To, mene ne aikinmu?

Na fari, mu yi masa magana tun bai iya amsawa ba. Lokacin wanka, ko girki, ko tafiya gona, mu riƙa faɗin sunan abin da yake kallo.

Na biyu, mu saurare shi. Idan ya yi gwaranci, mu dube shi, mu amsa, mu kuma dakata ya sake. Ta haka yake gane cewa zance karɓa-karɓa ne.

Na uku, mu ƙara a kan abin da ya faɗa. In ya ce "akuya", sai mu ce, "I, ga akuya tana cin ciyawa." In ya yi kuskure, mu maimaita daidai ba tare da tsawa ko dariya ba. Mai i'ina ma haƙuri yake bukata, kada mu ƙarasa masa magana.

Na huɗu, mu farfaɗo da tatsuniya da kacici-kacici da waƙoƙin reno. Wayar hannu ba ta amsa wa yaro. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban talabijin ko waya, daga shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini.

Na biyar, kada mu ji tsoron harsuna biyu. Gidajenmu da yawa suna da yaren kakanni, ga Hausa, ga Turanci. Wannan ba ya hana yaro magana. Kowa ya yi masa magana da harshen da ya fi iyawa, domin yaron ya iya hira da kakanninsa.

A ƙarshe, mu lura da kunne, gama wanda bai ji ba, da wuya ya faɗa. Sanƙarau da ƙyanda da ciwon kunne mai fitar da mugunya suna iya kurmantar da yaro, saboda haka mu kai su rigakafi. Idan jariri ba ya juyowa ga ƙara, ko yaro ya kai shekara 2 bai furta kalma ba, ko ya daina faɗin abin da ya riga ya iya, mu kai shi asibiti ba da jinkiri ba. Kada mu ce taurin kai ne. Wanda aka tabbatar kurma ne, a koya masa maganar hannu da wuri, mu ma mu koya tare da shi.

Allah ya raya mana su, ya kuma ba mu haƙurin sauraronsu. Amin.