Mun Yi Ciniki Ba Mu Rubuta Ba: Me Doka Ta Ce?

Mutum iri biyu suka fi kawo mini kuka kan harkar yarjejeniya. Na farko ya yi ciniki da baki, abokin cinikin ya fasa, shi kuma ya riga ya karaya domin an gaya masa wai abin da ba a rubuta ba kotu ba ta saurarensa. Na biyu yana riƙe da takarda mai sa hannun shaidu huɗu da hatimin mai unguwa, yana ganin ba mai iya ja da shi. Sau da yawa na farkon ya fi yadda yake zato ƙarfi, na biyun kuwa takardar tasa ba ta kai inda yake tsammani ba.

Dokar yarjejeniya da kotun majistare da babbar kotu ke aiki da ita a Najeriya gado ce daga Ingila, tana tafiya tare da shari'ar Musulunci da dokar al'ada. Dukkansu sun haɗu a kan tushe ɗaya: wani ya yi tayi, wani ya amince da tayin yadda yake. Malaman fiƙihu suna cewa ijabi da ƙabuli. Da zarar waɗannan biyu sun haɗu a kan kaya sananne da farashi sananne, ciniki ya faɗa, ko da ba a taɓa biro ba. A mazhabar Malikiyya ma ba a jira sai masu cinikin sun rabu da wurin. Magana zarar bunu ce.

Amma a lura da yadda tayi ke mutuwa. A ce kana Dawanau, mai hatsi ya ce buhun masara naira 60,000. Ka taya 55,000, ya ce albarka. Ka zaga rumfuna ka ga ko'ina ya fi haka tsada, ka dawo ka ce to ka saya a 60,000 ɗin. Ba dole ba ne ya sayar maka. Lokacin da ka taya ƙasa, ka ture farashinsa ka kawo naka, nasa ya tashi daga aiki. Wannan ƙa'ida ta kafu tun 1840 a wata shari'a a Ingila tsakanin Hyde da Wrench: an yi tayin gona a kan fam 1,000, mai saye ya ce 950, daga baya ya dawo ya ce ya yarda da 1,000, kotu ta ce babu ciniki. Haka kuma shiru ba amsa ba ce. Wanda ya turo maka saƙo cewa in bai ji daga gare ka ba zuwa Juma'a ya ɗauka ka saya, bai ɗaure ka da komai ba.

Sharaɗi na gaba shi ne kowane ɓangare ya ba da wani abu, kuɗi ko kaya ko aiki ko alkawarin yin su. Kawunka da ya ce zai saya maka mota in ya samu hali, ya yi alkawarin kyauta ne, babbar kotu ba za ta tilasta masa ba. Kotu kuma ba ta auna ko farashin ya yi arha. Wanda ya sayar da sa a kuɗin tunkiya da idonsa buɗe, ba zamba ba tilas, ya sayar. Abin da ke rushe yarjejeniya shi ne yaudara, ko tursasawa, ko a ƙulla ta da wanda hankalinsa ba ya tare da shi, ko a kan abin da doka ta haramta. Yaro ma haka: dokar haƙƙin yara ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro, kuma a inda ake aiki da ita yarjejeniya da shi ba ta ɗaure shi sai a kan abin buƙata na dole.

To in cinikin baki yana da ƙarfi haka, me ya sa nake matsa wa mutane su rubuta? Domin alƙali bai halarci cinikin ba. Ranar da aka tsaya gabansa, kai ka ce wata biyu aka yi za a biya, shi ya ce bayan girbi, shaidun da kuke da su ɗaya ya rasu, ɗayan surukin abokin shari'arka ne. Wanda ya kai ƙara shi ke kawo hujja. Abin yana damuna ƙwarai idan na ga mai gaskiya ya fita daga kotu hannu rabbana saboda kunya ta hana shi cewa a rubuta. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Don haka wanda ya ce maka neman rubutu rashin yarda ne, ba ka da dalilin jin nauyinsa.

Akwai kuma harkokin da doka ta ce sai da rubutu. Tsaya wa wani a kan bashi yana ciki. Ba da mota ko adaidaita sahu a riƙa biya kaɗan-kaɗan har ya zama na direba shi ma yana ciki, domin dokar 1965 da ta shafi irin wannan ta ce mai abin hawa ba zai iya tilasta yarjejeniyar ba in babu takarda da mai karɓa ya sa wa hannu. Babba a cikinsu shi ne fili da gida.

A nan ne mai takardar hatimin mai unguwa ke shan mamaki. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna. Filin da ke da takardar shaidar mallaka ba ya komawa hannun wani, ta sayarwa ko jingina, sai da amincewar gwamna. A 1989 Kotun Ƙoli ta rushe wata jingina a shari'ar bankin Savannah da Ajilo saboda rashin wannan amincewa. Takardar da kuka rubuta a zaure hujja ce mai kyau cewa ka biya kuɗi kuma an yi ciniki, amma ba ta tabbatar da cewa mai sayarwar shi ne mai filin ba. Kafin ka fitar da ko sisi, je ma'aikatar ƙasa a bincika fayil ɗin. In filin gado ne, ka ga shaidar rabon gado, ka kuma tabbata sauran magada sun yarda. Dillali la'adarsa yake nema, kada ka bar masa wannan aikin.

Kafin alƙalami ya haddasa rigima fiye da yadda ake zato. Mutum ya ba da naira miliyan 1 a kan gidan miliyan 10, ya kasa cikawa, ya ce a mayar masa, mai gida ya ce kuɗin ya ciwu. A dokar da aka gada daga Ingila, kuɗin da aka ba da a matsayin tabbacin ba za a fasa ba yana iya salwanta idan mai saye ne ya janye. Wanda aka ba da a matsayin wani ɓangare na farashi kuwa ana mayar da shi, bayan an cire asarar da mai kaya ya tabbatar ya yi. A fiƙihu, Malikiyya ba su yarda mai kaya ya cinye shi ba, Hambaliyya sun yarda. Saboda haka layi biyu sun isa su raba gardama: ranar da za a cika sauran kuɗin, da makomar abin da aka bayar in ba a cika ba.

Takardar ba sai da Turancin lauyoyi ba. Ana iya rubuta ta da Hausa, boko ko ajami. A sa cikakken sunan kowa, a siffanta kayan sosai, yawa da iri da inda za a kai, a sa farashi da ranakun biya, kowa ya sa hannu tare da shaidu, kowa ya tafi da kwafinsa. In ɗayanku bai iya karatun harshen da aka yi rubutun da shi ba, dokar kare marasa karatu ta buƙaci wanda ya rubuta ya sa sunansa da adireshinsa, ya kuma bayyana cewa an karanta masa an fassara kafin ya dangwala. Kada ka taɓa sa hannu a kan abin da ba ka karanta ba, domin kotu tana ɗauka cewa wanda ya iya karatu ya san abin da ya sa wa hannu.

In an riga an yi cinikin da baki, tattara abin da ke akwai tun yanzu. Sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya ba da damar karɓar hujjar da ta fito daga waya ko kwamfuta bisa wasu sharuɗɗa, don haka kada ka goge hirar WhatsApp, saƙon murya ko shaidar tura kuɗi ta banki. Tura wa abokin cinikin naka saƙo cikin ladabi ka ambaci adadin da ranar da aka yi alkawari. In ya amsa da "ka ƙara mini haƙuri", ka samu abin nunawa.

Kada ka kai shi ofishin 'yan sanda. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya, kuma wanda ya sa aka tsare abokin cinikinsa a kan bashi yana iya ƙarewa shi ke biyan diyya. Fara da shugabannin kasuwa ko zauren sulhu, a rubuta abin da aka daidaita a kai. In ya ci tura, jihohi kamar Kano da Legas suna da kotunan ƙananan basussuka da ke yanke hukunci da sauri. Kada dai a yi ta jan ƙafa: a jihohi da yawa damar kai ƙara kan yarjejeniya a kotun majistare ko babbar kotu tana ƙarewa bayan shekara 6, a wasu ma 5, kuma lissafin yana farawa daga ranar da aka saɓa alkawarin.