Kasafin Kuɗi da 'Yan Majalisa: Abin da Ya Kamata Talaka Ya Sani

Jama'a, duk shekara idan lokacin kasafin kuɗi ya zo, magana ɗaya ake ji a tashar mota, da teburin mai shayi, da shirye-shiryen rediyo inda masu sauraro ke bugo waya: 'yan majalisa sun riƙe kasafi, sun yi cushe, sun ƙara wa kansu alawus, sun bar talaka da hamma. Wannan fushi yana da dalili. Sai dai mai fushin da bai san inda aka cuce shi ba, zagi kawai zai yi ya gaji, ran zaɓe kuma ya maimaita abin da ya yi a baya. An rubuta wannan takarda ne domin mai karatu ya san yadda ake yin kasafin Gwamnatin Tarayyar Nijeriya, da inda yake maƙalewa, da abin da shi kansa zai iya yi a kai.

Mene ne kasafin kuɗi?

Kasafi lissafi ne na abin da gwamnati ke sa ran samu a shekara da abin da take niyyar kashewa. Ya yi kama da zaman da maigidan gandu ke yi bayan kaka, ya dubi rumbu, ya ware na ci, ya ware iri, ya ware na biyan bashi, sa'an nan ya duba ko za a iya gyara soro da abin da ya rage. Bambancin kawai shi ne, rumbun gwamnati na mutanen ƙasa ne duka. Kuɗin man fetur, da kuɗin fito na kwastan, da harajin da ka biya ba ka sani ba sa'ad da ka sayi katin waya, duk can suke taruwa.

Manyan kason kashewar uku ne. Akwai kuɗin yau da kullum, wato albashi da fansho da tafiyar da ofisoshi. Akwai biyan bashi da ruwansa, wanda a kasafin 2025 ya haura naira tiriliyan 14. Akwai kuma manyan ayyuka, irin su hanya, da asibiti, da madatsar ruwa, da layin dogo. Ka riƙe wannan rabo da kyau, domin kashi na uku shi ne rabon talaka, kuma shi ne ke fara tsayawa duk ran da aka samu saɓani.

Wa ke da ikon me?

Kundin tsarin mulki na 1999 ya raba aikin. Sashe na 81 ya ɗora wa Shugaban Ƙasa tsara lissafin ya kai gaban Majalisar Dokoki ta Ƙasa, mai sanatoci 109 da wakilai 360. Sashe na 80 kuwa ya hana a fitar da ko kwabo daga baitulmali sai da amincewar majalisa. Kwamitoci sukan gayyaci ministoci da shugabannin hukumomi su kare abin da suka nema. Idan majalisun biyu suka daidaita a kan adadi ɗaya, sai a mayar wa Shugaba ya rattaba hannu. In ya ƙi har kwana 30 suka wuce, majalisun na iya zama tare su zartar da dokar da rinjayen kashi biyu cikin uku.

An yi haka da gangan, don kada mutum ɗaya ya riƙe makullin taska shi kaɗai. Saboda haka gardama tsakanin majalisa da fadar Shugaba a kan kasafi halal ce, har ma ita doka take so. Abin dubawa shi ne a kan me ake gardamar, kuma wata nawa take ci.

Shekarun ja-in-ja

Tsakanin 2016 da 2019, zamanin da Bukola Saraki ke shugabantar Majalisar Dattawa, Yakubu Dogara kuma ta Wakilai, ba a taɓa fara shekara da sabon kasafi ba. Shugaba Muhammadu Buhari ya kai kasafin 2016 ranar 22 ga Disamba, 2015. A watan Janairu aka wayi gari ana cewa takardun sun ɓace a Majalisar Dattawa, aka kuma yi ta tono kurakurai da maimaici a cikinsu. Ba a sa hannu ba sai 6 ga Mayu. A shekarar ce Abdulmumin Jibrin, mai wakiltar Kiru da Bebeji, wanda ya riƙe kwamitin kasafi na Majalisar Wakilai, ya zargi shugabannin majalisar da cushe, wato cusa kuɗi da ayyuka a kasafi ba bisa ƙa'ida ba. Suka musanta, aka dakatar da shi na kwana 180 na zaman majalisa.

Kasafin 2017 sai 12 ga Yuni Muƙaddashin Shugaba Yemi Osinbajo ya sa masa hannu. Na 2018 ya fi kowanne daɗewa: an kai shi 7 ga Nuwamba, 2017, yana naira tiriliyan 8.6, ya fito a tsakiyar Mayu yana tiriliyan 9.12, aka sa hannu 20 ga Yuni. A wurin sa hannun Buhari ya koka cewa majalisa ta zaftare naira biliyan 347 daga ayyuka 4,700 da gwamnati ta kawo, ciki har da wutar Mambila da gada ta biyu a kan Kogin Kwara, ta kuma shigar da nata ayyuka 6,403 na biliyan 578. Majalisa ta mayar da martani cewa ita wakiliyar jama'a ce, ba a zaɓe ta don ta buga hatimi kawai ba, kuma ministoci da shugabannin hukumomi ne suka yi ta jan ƙafa wajen zuwa kare kasafinsu.

Adalci shi ne a faɗi cewa kowane ɓangare da nasa laifin. Shekarar kuɗi tana farawa 1 ga Janairu, amma kasafin 2016 da na 2017 da na 2019 duk a tsakiyar Disamba ko bayanta aka kai su. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ita ma majalisa, riƙe takarda wata shida ya wuce nazari, ya zama ciniki.

Wa ke shan wahalar jinkiri?

A Amurka, idan majalisa ta kasa amincewa da kuɗi, ofisoshin gwamnati da yawa rufewa suke yi. Daga ƙarshen 2018 zuwa farkon 2019 an yi kwana 35 ma'aikata dubbai ba albashi, kowa ya ji a jikinsa, dole aka sasanta. A nan gida kuwa Sashe na 82 ya ba Shugaba damar ci gaba da kashe kuɗin tafiyar da gwamnati har wata shida bisa ma'aunin kasafin bara. Wannan tanadi yana da amfani, don soja da malami da likita ba za su zauna ba albashi ba. Amma shi ne kuma ya sa masu gardamar ba su jin zafinta, tunda albashinsu da alawus ɗinsu na shiga kan kari. Sabon aiki ne kawai ba a iya farawa.

To, dubi lokacin. In an sa hannu a watan Yuni, sai ma'aikatu su fara tallar kwangila da tantance 'yan kwangila kamar yadda dokar ba da kwangila ta 2007 ta tanada, abin da kan ci watanni. Kafin a gama damina ta yi nisa, ba a zuba kwalta cikin ruwa. Ranin da ya dace da aikin hanya da gini ya riga ya tafi a zauren majalisa. Takin da aka sayo a watan Agusta bai amfani manomin da ya yi shuka a Yuni ba. Ɗan kwangilar da ya ci bashin banki yana jira ruwa na hawa, birkila da lebura suna zaune, mai sayar musu da abinci ta kwashe tukwanenta. Ga kuma tsadar kaya: kuɗin da zai gina aji shida a Janairu, kafin Disamba da ƙyar ya gina huɗu.

Sauri ma da nasa ciwon

Da Ahmad Lawan da Femi Gbajabiamila suka karɓi ragamar majalisa a 2019, sai aka sauya salo. An kai kasafin 2020 ranar 8 ga Oktoba, aka sa hannu 17 ga Disamba, kafin shekarar ta kama. Aka yaba, kuma ya cancanci yabo. Ba a daɗe ba jama'a suka raɗa wa majalisar suna 'yan amshin Shata, saboda buƙatun cin bashi sun riƙa wucewa ba wata doguwar tambaya.

Maganar cushe ma ba ta mutu ba. A Maris na 2024 Sanata Abdul Ningi na Bauchi ta Tsakiya ya shaida wa Sashen Hausa na BBC cewa akwai maƙudan kuɗi a kasafin shekarar, mai naira tiriliyan 28.7, da ba a ga ayyukan da aka jingina su da su ba. Majalisa da fadar Shugaba suka ƙaryata, aka dakatar da shi wata uku. Kasafin 2025 kuma an kai shi a Disamba, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu 28 ga Fabrairu a kan kusan tiriliyan 55, alhali ba a gama ayyukan kasafin 2024 ba, har aka tsawaita wa'adinsu zuwa ƙarshen 2025. Darasin a fili yake: ranar sa hannu ba ita ce ma'auni ba. Ma'auni shi ne nawa aka saki, kuma me aka gina da shi.

Abin da ke ƙona ran jama'a

Mutane za su iya haƙuri da jinkiri da sun ga masu jinkirin na ɗanɗana abin da suke ɗanɗana. A 2018 Sanata Shehu Sani ya bayyana cewa kowane sanata na karɓar naira miliyan 13.5 a wata na tafiyar da ofis, ban da albashi. A Agustan 2024 Sanata Kawu Sumaila ya ce abin da ke shigo masa a wata ya kai miliyan 21, alhali a watan Yulin shekarar aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a naira 70,000. A ƙarshen 2023, 'yan watanni bayan cire tallafin man fetur, ana ce wa talaka ya ƙara haƙuri, aka saya wa 'yan majalisa manyan motoci na ƙasar waje.

Sai ayyukan mazaɓu, waɗanda aka daɗe ana ware musu naira biliyan 100 a shekara. A 2019 Buhari ya ce an kashe tiriliyan ɗaya a kansu cikin shekara goma ba tare da an ga abin a zo a gani ba. A shekarar hukumar yaƙi da rashawa ta ICPC ta fara bin sawunsu, ta kuma tarar da ayyukan da aka biya kuɗi aka watsar, da kayan da aka ɓoye ba a raba ba, ta tilasta wa 'yan kwangila da dama komawa bakin aiki.

Namu laifin

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Aikin ɗan majalisa uku ne: yin doka, da wakiltar mutanensa, da sa ido a kan yadda gwamnati ke kashe kuɗi, wanda Sashe na 88 ya ba shi ikon bincike a kai. Amma mu da me muke auna shi? Da buhun shinkafar azumi, da ragon suna, da kuɗin asibiti, da kujerar Makka, da babur. Wanda ya kwana yana bin lissafin ma'aikatar lafiya layi-layi, in ya dawo gida hannu wofi sai mu ce marowaci ne, mu kayar da shi. Wanda ya raba keken ɗinki sai mu kira shi gwarzo, ba mu tambayi daga wane aljihu kuɗin ya fito ba. Wakilin da ya san da rabo za a auna shi, dole ya nemi abin rabawa, kuma a cikin kasafi zai neme shi. Wanda ya karɓi taliya da atamfa ran zaɓe shi ma ya sa hannu a cinikin.

Abin yi

Na farko, ka san sunan sanatanka, da wakilinka na tarayya, da na jiha, ka kuma san kwamitocin da suke ciki. Majalisun jihohi ma suna yin kasafi, kuma kuɗin makarantar 'ya'yanka da asibitin garinku galibi can yake.

Na biyu, ku nemi abin da aka rubuta wa yankinku. Ofishin Kasafi na Tarayya yana sa kasafin a intanet, ƙungiyar BudgIT kuma tana sauƙaƙa shi tana bin sawun ayyuka. Ƙungiyar ci gaban gari ta wakilta matasa biyu masu ilimi su ciro ayyukan ƙaramar hukumarku, a karanta su da Hausa a gaban jama'a, a liƙa takardar inda kowa zai gani.

Na uku, ku je wurin aikin da ƙafarku. In an rubuta rijiyar burtsatse, ku duba ko tana ba da ruwa. In babu, ku rubuta wa ma'aikatar da aka ba aikin. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta wajabta wa hukuma ta amsa cikin kwana bakwai. In aka yi shiru, ku kai ƙara ICPC da hotuna da sa hannun mutanen gari.

Na huɗu, idan wakili ya zo gida, ku tarbe shi da mutunci da tambaya: Ranka ya daɗe, me ka ce da aka kawo maganar bashi? Nawa aka saki daga kuɗin hanyarmu? Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya, me kwamitinku ya yi da shi? Tambaya a gaban jama'a ta fi roƙo a zaure.

Na biyar, kada ku dogara da kiranye, wato tsige wakili kafin wa'adinsa ya cika. Sashe na 69 ya yarda da shi, amma sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓa sun sa hannu, hukumar zaɓe ta INEC ta tantance, sa'an nan a yi ƙuri'ar raba gardama. Yunƙurin da aka yi a kan Sanata Dino Melaye a Kogi ta Yamma ya rushe a 2018 tun a matakin tantancewa. Ƙofar da ta fi sauƙi ita ce zaɓe, kuma takardar ƙuri'ar ɗan majalisa daban take da ta Shugaban Ƙasa, ba dole ba ne a yi sak. Ku ajiye littafi guda na abin da aka yi alkawari, da abin da aka rubuta a kasafi, da abin da ido ya gani. Idan masu neman ƙuri'a suka dawo, ku buɗe shi a gabansu, ku yanke hukunci da abin da ke ciki.

Allah Ya ba mu shugabanni masu amana, Ya ba mu ikon bin haƙƙinmu ta hanyar da ta dace.