Haɗarin da Ido Ba Ya Gani a Wurin Aiki

Kowa ya san haɗarin injin da ba shi da kariya. Amma akwai wani haɗarin da ido ba ya gani: aikin da ya fi ƙarfin mutum, rashin hutu, tsangwamar shugabanni, jinkirin albashi da fargabar kora. Idan waɗannan suka daɗe, sukan haifar da rashin barci, saurin fushi, mantuwa da baƙin ciki mai tsanani. Direban da ya kwana bai runtsa ba, ba ransa kaɗai yake jefawa cikin haɗari ba, har da na fasinjojinsa.

Girman Matsalar

A 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun bayyana cewa aikin sa'o'i 55 ko fiye a mako ya yi sanadin mutuwar mutum 745,000 a shekarar 2016, ta hanyar bugun jini da ciwon zuciya. A 2022 kuma suka ƙiyasta cewa duniya tana asarar kwanakin aiki biliyan 12 kowace shekara saboda ciwon damuwa da fargaba.

Abin da Doka Ta Tanada

Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta ba ma'aikaci hutun sa'a ɗaya idan aikin yini ya kai sa'o'i 6, da hutun kwana ɗaya a kowane mako. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF take aiwatarwa, ta amince a biya diyya saboda damuwar ƙwaƙwalwa, muddin likita ya tabbatar aiki ne ya jawo ta. Haka kuma, a 2022 Nijeriya ta amince da Yarjejeniya ta 190, wadda ta haramta cin zarafi da tsangwama a wurin aiki.

Nauyin Shugabannin Ma'aikatu

1. A binciki musabbabi, a tambayi ma'aikata abin da yake damunsu, a rubuta.
2. A gyara tsarin aikin kansa, a raba shi daidai, a kayyade aikin dare.
3. A buɗe hanyar kai ƙara a asirce, ba tare da ramuwar gayya ba.
4. A koya wa masu kula da aiki gane alamun gajiyar zuciya tun da wuri.
5. Wanda ya dawo daga jinya a sassauta masa, har ya murmure.

Ba wa ma'aikaci haƙuri kawai, alhali ba a rage masa kaya ba, ba magani ba ne.

Nauyin Ma'aikaci

Ciwon damuwa ba ragwanci ba ne, ba kuma abin kunya ba ne. Duk wanda ya ga alamunsa ya garzaya asibiti, ya kuma sanar da shugabansa ko wakilin ƙungiyar ƙwadago. Idan ba a saurare shi ba, ofishin ƙwadago na tarayya da ke jiharsa a buɗe yake. Rigakafi ya fi magani.