DARASIN LAFIYA: Jinin Kwalba da Jinin Kati

'Yan'uwa manoma, mai hatsi a rumbu yakan ɗebi mudu guda ya duba ko gugu ya shiga. Haka likita yakan ɗebi jinin mai shan maganin HIV don ya ƙirga yawan ƙwayoyin cutar da suka rage. Ƙidayar da aka yi a Nijeriya a 2018 ta nuna Jigawa tana cikin jihohin da cutar ba ta da yawa. Duk da haka akwai masu shan magani a cikinmu, kuma wannan awo ya shafi ransu.

Dalilin Awon

Mutum yana iya jin ƙarfi, yana noma, alhali maganinsa ya daina aiki. Ido ba ya ganin wannan, sai awo. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan awo shi ne hanya mafi kyau ta sanin ko magani yana ci. Ana yinsa bayan wata 6 da fara magani, sai a wata na 12, daga nan sau ɗaya kowace shekara. Idan ƙwayoyin sun wuce 1,000 a mililita guda na jini, za a taimaki mutum ya gyara shan maganinsa, a sake awo bayan wata 3. In har yanzu sun yi yawa, sai a sake masa magani.

Manyan na'urorin awon suna birane kamar Kano. Saboda haka dole jinin mutumin Gwiwa, ko Roni, ko ƙauyukan Babura ya yi tafiya. Akwai hanya biyu ta aika shi.

1. Jinin Kwalba

Ana ɗebo jini daga jijiyar hannu, kamar cikin cokalin shayi guda. Sai a juya kwalbar da na'ura har ruwan jinin mai launin rawaya ya taso sama. Wannan ruwa ake aunawa, shi ne kuwa ya fi ba da lissafi daidai. Wahalarsa ita ce, dole a raba shi cikin 'yan awoyi, a ajiye shi a sanyi har ya isa. Yana bukatar lantarki da firji da mota mai sauri. Kamar ɗanyen tumatir yake: ya fi kyau, amma ba ya jure zafin bazara.

2. Jinin Kati

Ana tsaga yatsa, ko a ɗebo daga jijiya, a ɗiga jini a kan da'ira biyar na wani kati mai tsotse ruwa. A shanya shi a inuwa awa uku ko fiye, a sa a leda tare da ɗan ƙunshin da ke shanye laima. Yana iya yin makonni ba firji, ana kuma iya kai shi a babur. Kamar kauɗa yake. Amma jinin kaɗan ne, don haka idan ƙwayoyin ba su da yawa na'ura tana iya kasa ganinsu. Wani lokaci kuma lissafin yakan haura gaskiya, domin an shanya jinin duka ba a raba ruwansa ba.

Wanne Ya Fi?

Inda akwai firji da hanya mai kyau, jinin kwalba ya fi. Inda babu, Hukumar Lafiya ta yarda da kati. Ma'aikacin lafiya ne zai zaɓa. Hasara ita ce a ƙi yin awon gaba ɗaya.

Aikin Ƙungiya

Da damina aiki yakan sa mutum ya manta ranar asibiti. Ƙungiya tana iya taimakon kowane memba da kuɗin mota ko gayya a gonarsa ranar da zai je asibiti, ba tare da an tambaye shi ciwonsa ba. Wanda aka ɗebi jininsa kuwa, ya koma ya tambayi lambarsa.

Tambayoyi

1. Me ya sa mai jin ƙarfi yake bukatar awo?
2. Wace hanya ta dace da ƙauyenku?
3. Yaya za mu taimaki ɗan'uwa ba mu tona asirinsa ba?