Kirim ɗin Lemun Tsami Irin na Faransa

'Yan uwa ɗalibai, musamman masu shirin jarrabawar girki, ga wani kayan zaƙi da Faransawa ke yi a gida, a sha bayan cin abinci. Su da babban lemo mai ruwan ɗorawa suke yi. Ni da namu lemun tsami na kasuwar Samaru nake yi, sai dai ya fi kaifi, don haka nakan ƙara sukari.

Kayan haɗi: ƙwai 3, sukari cokali 7, ruwan lemo cokali 6, kwanfulawa cokali 1, bota cokali 2. Na ƙarshen nan biyu a Sabon Gari nake saya.

Ku kaɗa ƙwai, sukari da kwanfulawa a kwanon silba, ku zuba ruwan lemon. Ku ɗora kwanon bisa tukunyar ruwan zafi, ku yi ta juyawa. To, nan fa sai haƙuri: in ya tafasa, ƙwan zai dunƙule, kuɗinku sun tafi ke nan. Da ya yi kauri ya kama bayan cokali, ku sauke, ku sa bota.

In ba wuta, ku tsoma gindin kwanon a ruwan randa ya huce. Ku shanye a ranar, don abin da ke da ƙwai ba ya kwana a zafin Zariya.