Yadda Ƙwaƙwalwa Ke Warware Matsalar da Ba Ta Taɓa Gani Ba

A shekarar 1943 masanin halayyar ɗan Adam Raymond Cattell ya raba basira gida biyu. Akwai wadda ake tarawa ta karatu da gogayya, kamar sanin kalmomi da dabarun sana'a, wadda kan ci gaba da ƙaruwa har manyanta. Akwai kuma basirar tunkarar sabon abu, wato gano mafita inda ba a taɓa koya wa mutum hanya ba. Ita wannan takan kai ƙololuwa a shekarun samartaka, sannan ta riƙa ja baya sannu a hankali.

Gwajin da ya fi shahara wajen auna ta shi ne na John Raven, wanda ya fito a 1938. A tambayoyinsa masu wuya, ana jera zane a gidaje tara, uku-uku, a bar na ƙarshe fayau, mutum ya zaɓi abin da ya dace da gidan cikin zaɓi takwas.

A 1990 masu bincike Carpenter da Just da Shell sun bi motsin idon masu yin gwajin. Sun gano cewa kowa daki-daki yake tafiya: ya kwatanta zane biyu, ya ciro ƙa'ida ɗaya, ya nemi ta gaba. Bambancin yana wajen gano ƙa'idar da ba ta fito fili ba, da riƙe waɗanda aka riga aka gano yayin da ake farautar saura.

Wannan riƙon shi ne aikin ƙwaƙwalwar wucin gadi da Baddeley da Hitch suka bayyana a 1974, kuma mazubinta ƙarami ne. Nelson Cowan ya ƙiyasta kusan abu huɗu a lokaci guda. A ɗakin gwaji ana ganin haka ƙarara. Yaro ya gano cewa ɗigo na ƙaruwa daga hagu zuwa dama, ya juya kan siffa, kafin ya gama, lissafin ɗigon ya suɓuce masa, sai ya zaɓi zane mai siffa daidai amma ɗigo ba daidai ba. Fahimta yana da ita, kaya ne suka yi masa yawa.

Don haka rubuta kowane mataki a takarda da yanka babbar matsala zuwa ƙanana na taimakawa, yayin da fargaba da rashin barci ke cinye mazubin. Wasannin waya masu alkawarin ƙara basira kuwa, bincike ya nuna galibi a wasan kaɗai mutum ke ƙwarewa. Makin gwaji ma ba hukuncin ƙarshe ba ne, domin sabo da makaranta da irin waɗannan zane-zane yana tasiri a kansa.